Albasar Alhaji Mamman da Ta Kai Ni Lyon

Tun ranar da na sauka daga motar Yamai ban samu sukuni ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a bakin rijiyar garka a tare ni, har wurin ɗinkin buhu sai wani ya ajiye basilla ya ce, "To Malam Sa'idu, yaya Faransa?" Na ba da labarin gutsure-gutsure har bakina ya gaji, kuma kowa sai ya ƙara masa nasa gishirin kafin ya kai gida. Shekaranjiya na ji ana cewa wai jandarmomi sun kama ni a Paris kan satar fure. Shi ya sa na zauna na rubuta abin yadda ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, ni manomin albasa ne a Galmi, shekara arba'in ina cikin sana'ar. Yayata Hajiya Rabi ta fi shekara talatin a Faransa tare da mijinta Alhaji Mamman, direban babbar mota. Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilu. Na yi ta'aziyya ta waya, na shiga neman biza, ba ta fito ba sai ƙarshen damina, daidai lokacin da ya kamata a ce ina gyara wurin yafa iri. Na ce wa mai ɗakina kwana goma zan yi in dawo.

Ɓacin raina ya fara tun daga filin jirgi. Na ɗauko wa Yaya kilishi ƙunshi biyu da albasa guda ashirin da na zaɓa da hannuna, jajaye, masu tauri, ko wacce sai da na ƙwanƙwasa ta. Ina tura balis ɗina, wato akwatin kayana, wani kare ya zo ya zauna a gabansa kamar an aiko shi. Wata ma'aikaciyar duwan, wato kwastan, ta sa safar hannu ta buɗe. Ta ɗaga albasa ɗaya ta tambaye ni takardarta.

Na ce mata, da ɗan faransancina na kasuwa, "Takardar wa? Tawa tana hannunki."

Ta ce a'a, takardar lafiyar albasar take nufi. Na ce albasar nan ta fi ni lafiya. Ba ta yi dariya ba. Ina tsaye ina kallo aka zuba kilishin da albasar a babbar leda aka ɗaure. Haka na shiga gidan yayata hannu biyu babu tsaraba, sai kukar miya da suka yi ta shinshinawa suka bar mini.

Yaya tana zaune a wata unguwa da ake kira Stains, a bayan Paris, hawa na tara. Ɗakunan tsaf, amma ba tsakar gida, ba inda mutum zai shimfiɗa tabarma ya ga wucewar jama'a. A cikin na'urar hawa bene na yi wa wani mutum cikakkiyar gaisuwa, na tambaye shi gida da iyali da gajiya, ya amsa da kalma ɗaya ya koma kallon takalminsa. Yaya kuwa na tarar ta rame, gwiwa ta matsa mata, tana jan ƙafa da sanda. Mun yi kuka, mun yi addu'a, ta tuƙa mini tuwon semo da miyar kukar da ta tsira.

A kwana na uku ta miƙo mini wata wasiƙa. Ashe marigayi yana da ƴar garka a cikin wani fili da aka yanka wa mutanen unguwa, kowa da nasa yanki, faɗinsa bai wuce ɗakuna uku ba. Tun rasuwarsa ba a taka wurin ba. Shugabannin garkar sun rubuto cewa in ba a gyara ba kafin ƙarshen Oktoba, za a ba wani daga cikin masu jira.

Yaya ta ce, "Ba na iya shiga wurin nan, Sa'idu. Amma ba na son a ba wani."

Na ce, "Yaya, wannan ne ya hana ki barci? Aikin hantsi ɗaya ne."

Washegari na karɓi makulli na tafi. Ciyawa ta kai gwiwa. Na samu hauya a ɗan ɗakin katako, na tuɓe riga duk da sanyi, na shiga sara. A nan ba a ƙona ciyawa, akwai babban akwatin ƙarfe a bakin ƙofa inda ake zubawa, mota ta zo ta kwashe. Na yi sawu ya fi goma.

Da na kai jikin shinge, hauya ta nutse ta fito da wata albasa fara-fara, girman dunƙulen hannuna. Ba ta da ɓawo ko kaɗan, a tsirara take. A tsakiyarta akwai rami da yatsa zai shiga. Warinta kuwa, wallahi kamar jaɓa ta mutu a cikin rumbu. Ni da na san albasa, ban tsaya dogon tunani ba: rami a tsaka, wari, babu ɓawo, ai ruɓa ce, kuma in aka bar ta za ta kama ƙasar duka. Na bi layin na tono su kaf, goma sha ɗaya, na faskara su da hauya don kada su sake tsirowa, na kai akwatin. Ina dawowa motar shara ta zo. Har na ɗaga wa direban hannu.

A wani lungu mai damshi kusa da ganga mai tarar ruwan sama, na sake cin karo da wasu ƙanana farare, kamar aya mai ƙiba. Waɗannan ba su da wani wari. Na kakkaɓe ɗaya a jikin wando, na kai baki zan ɗanɗana.

Sai na ji ihu daga bayan shinge. Wata tsohuwa Baturiya ce, da hular kaba da takalmin roba, ta tsallako shingen kamar yarinya ta buge mini hannu. Ita ce Madam Odil, maƙwabciyar marigayi a garka, kuma ita ce ta sa hannu a wasiƙar. Ta ce dafi ne, ba a ci. Sannan idonta ya faɗa kan ramukan jikin shinge. Ta dafe kai.

"Ina na Mamman?"

Na nuna mata hanyar da motar ta bi. Na yi mata bayanin ruɓa, a natse, irin na wanda ya san aikinsa.

Ta zaunar da ni a kan bokiti ta yi mini karatu kamar ɗan lakwal da aka sa boko jiya. Ta ce sunan abin fritiler, fure ne, kuma iri-iri ne. Babban, wanda na sare, haka Allah ya yi shi: ba ya yin ɓawo, ramin wurin karan bara ne da ya bushe ya fita, warin kuma shi ne alamar yana da rai, har ana cewa yana korar ɓerayen ƙasa. Yana kwance a ƙasa duk rani da sanyinsu, sai watan Afrilu ya fito ya kai ƙugun mutum, furanninsa su rataya kai ƙasa kamar ƙararrawa, da tukkun ganye a sama. Ƙaramin da na so ci kuwa furensa ɗigo-ɗigo ne, suna kiransa da sunan zabuwa, shi damshi yake so. Ta ce duk garkar babu mai irin na Mamman, mutane daga wasu unguwanni suke zuwa kallo.

Na ce, "To abin da ba a ci, ba a sayarwa, ga wari, don me mutum zai ba shi wuri?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce in je in tambayi yayata.

Hawa taran nan da ƙafa na hau shi, don in samu lokacin shirya magana. Ban shirya komai ba. Yaya tana yankan kuɓewa na gaya mata. Ta ajiye wuƙa.

"Mi ka ce ka yi?"

"Yaya, sun yi kama da ruɓaɓɓu."

"Duka?"

"Ƙananan suna nan."

Ta ce lokacin da Alhaji yake asibiti a satinsa na ƙarshe, furannin sun buɗe, kullum sai ya aike ta ta ɗauko masa hotonsu ya ƙirga. Ranar da ya rasu ma daga garkar aka kira ta. Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Kuɓewar ni na ƙarasa yankawa.

Da safe na ce mu je kanti in saya mata wasu. Muka je wani katafaren shago na kayan garka, inda har ƙasa ake sayarwa a buhu. Ga su nan a kwali cikin dusar katako, da hoto a jiki, masu ruwan ƙwai da masu ruwan lemo. Yaya ta ɗauki ɗaya ta juya ta ajiye. Ta ce na Alhaji ja ne mai duhu kamar tukunyar da ta sha wuta, kuma ba saye ya yi ba. Wani abokinsa ne ya ba shi, Malam Kamal, mutumin Turkiyya, da suka yi tuƙi tare tun suna samari, shi kuma daga garinsu ya zo da irin. Yanzu yana Lyon. Ba ta da lambarsa, wayar marigayi a kulle take, sai dai adireshi a bayan wata tsohuwar ambulan.

Na ce, "Lyon ɗin nan unguwa ce?"

Ta ce, "Gari ne. Kuma za ka je."

Na tuna mata cewa saura kwana huɗu in koma, iri yana jirana. Ta ce irin ya jira. Sannan ta ce ba ta yarda in tafi ni kaɗai ba, kada in je in sare wa bawan Allah tasa garkar. Haka aka ɗaga mini biyen jirgi, wato tikitin komawa, muka kama hanya ni da ita da sandarta.

Jirgin ƙasan gudu yake kamar an kore shi, awa biyu ya kai mu. Amma cikinsa tsit kamar gidan makoki. Kowa da lambar kujerarsa, ba mai magana da na kusa da shi. Wayata ta yi ƙara, ƙanena ne daga gida yana tambayar ko a fara ban ruwa. Ban ma gama gaisuwa ba kawuna suka juyo. Wani mutum ya nuna mini hoton waya mai barci a jikin bango. Na fita tsakanin taragu na ƙarasa magana a tsaye kusa da ban ɗaki. Yaya kuwa tun daga Paris ba ta ce mini uffan ba, sai da ta miƙo mini dafaffen ƙwai ba tare da ta dube ni ba.

Masaukinmu a Villeurbanne yake, jikin Lyon, ɗakin ƴar Yaya da ke karatun injiniya, ita ta tafi koyon aiki wani gari ta bar makulli wurin mai gadi. Rumbuna ya fi ɗakin nan faɗi. Gado ɗaya, Yaya ta hau, ni na kwanta a ƙasa ƙafafuna a ƙarƙashin tebur, kaina jikin firji. Abinci kuma sai an yi hattara, garin nan suna son naman alade, har a cikin abin da ka ɗauka burodi ne. Na sayi wani cuku mai taushi don in haɗa da burodi, ina buɗewa na mayar na rufe. Na ce wa Yaya yanzu na gane, mutanen ƙasar nan in abu bai yi wari ba ba su yarda da shi ba. Ta juya mini baya.

Da hantsi muka hau taram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, na shigar da mu wanda ke tafiya baya, muka sauka muka sake hawa. Mun samu gidan Malam Kamal, wata maƙwabciya ta ce yana garka, ta kwatanta mana. Muka tarar da shi a durƙushe yana ɗaure wake, tsoho gajere mai farin gashin baki, kunnensa ɗaya ba ya ji. Yana ganin Yaya ya miƙe da murna, ya kira sunanta, ya leƙa bayanmu.

"Ina Mamman? Yana ajiye mota?"

Sai a lokacin na gane ba wanda ya gaya masa. Yaya ta dube ni. Ni na matsa kusa da kunnensa mai ji na faɗa. Ya cire hularsa, ya zauna a kan ƙasa inda yake tsaye. Ya ce ya yi ta kiran wayar tun bazara ba a ɗauka, ya ɗauka fushi ake da shi. Muka ɗaga hannu mu uku muka yi wa marigayi addu'a a tsakanin layin wake, shi da larabcinsa, mu da namu.

Ya dafa mana shayi a ƴan ƙananan kofuna. Bayan an sha, Yaya ta nuna ni da sanda ta ce, "Wannan ƙanena ne. Manomin albasa ne, shekara arba'in. Shi ya sare furannin Alhaji ya zuba a shara."

Na so ƙasa ta buɗe. Malam Kamal ya sa aka maimaita masa sau biyu. Ya tashi ya shiga ɗakin katakonsa ya fito da abu uku ya jera a tebur, ya ce in faɗi sunan ko wanne. Na farko na gane shi tun kafin ya ajiye, hancina ya gaya mini. Na biyu ƙaramin ne, na ce zabuwa. Na uku dogo ne kamar ƙwan agwagwa, shi ma ba ɓawo, warinsa kaɗan. Na juya shi na juya, na ce wannan dai tafarnuwa ce ta ƙasarku. Ya ce a'a, shi ma ɗan gidansu ne, furensa baƙi-baƙi ne a jere a kan dogon kara. Ya ce duk wanda ka tono ka ga ba riga, nama-nama, mai saurin ƙujewa, ka ajiye hauya ka tambaya.

Na ce a garinmu albasar da ba ta da riga ta mutu. Ya ce, "Nan ba garinku ba ne." Ban ji daɗin maganar ba, amma ina da bakin musu?

Sai ya juya wurin Yaya ya ce, "Kin san Mamman ya kashe nawa kafin ya iya?"

Yaya ta ce ba ta sani ba.

Ya ce shekarar farko ya ba shi uku, Mamman ya dasa su a tsaye ramin yana kallon sama, ya yi ta ban ruwa safe da yamma kamar albasar miya, ruwa ya taru a ramin suka ruɓe. Shekara ta biyu ya dasa su sama-sama, suka yi ganye ba fure. Shekara ta uku ya ga sun bushe bayan fure ya ɗauka sun mutu, ya tone ya shuka barkono a wurin. Ko wane karo sai ya tuƙo mota har Lyon ya tsaya a bakin shinge yana sosa ƙeya, ya ce kada a gaya wa Rabi.

Yaya ta ce, "Ni ya ce mini ɓera ne ya ci."

Ta fara dariya, ta rufe baki da gyale, dariyar ta ƙi tsayawa har ta koma hawaye. Tun zuwana ban ji muryarta haka ba.

Malam Kamal bai ba ni hauya ba. Ya kai ni gindin sandunan da ya kafa alama, ya ce in tona da hannu. Ƙasar sanyi kamar ƙanƙara, farcena ya cika, shi yana tsaye a kaina yana cewa a hankali, a hankali. Muka ciro biyar. Ya naɗe ko wacce a jarida ya jera a kwali da yashi. Ya riƙe hannuna ya auna daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu, ya ce zurfin ramin ke nan. A zuba yashi a ƙasa, a kwantar da ita a gefenta don ruwa kada ya zauna a ramin, a rufe, a kafa sanda, a tafi. Kada a ba ta ruwa, na sama ya ishe ta. Kuma kada ta kwana da yawa a waje, tana bushewa. Ya sa na maimaita masa sau uku a kunnensa mai ji.

Komawar ita ce ta fi zuwan wahala. Ba mu yi minti goma a jirgi ba warin ya cika tarago. Wata mata ta duba ƙarƙashin takalminta. Wani ya ɗaga ɗan karensa ya shinshina. Daga nan idanu suka taru a kanmu. Na ce wa Yaya bari in kai kwalin wurin kaya, ta ce ba mai raba ta da shi. Ƙarshe dai mu biyu muka koma tsakanin taragu, ita a kan ƴar kujerar da ake naɗewa, kwali a cinya, ni a tsaye ina riƙe da sandarta har Paris. A nan ne ta fara yi mini magana, ta tambaye ni labarin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya aurar, ko tsamiyar ƙofar gidan Baba tana nan.

Washegari ta ce za ta bi ni garka. Ta tsaya a bakin ƙofar ta daɗe kafin ta shiga. Na haƙa ramuka biyar jikin shinge, Madam Odil tana leƙe tana auna su da ido. Na dasa biyu. Sai Yaya ta jefar da sanda ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ta ce in matsa, ta dasa ukun da kanta. Muka mayar da ƙananan lungunsu mai damshi. Madam Odil ta zagaya yankin, ta ce tsawon shingen ya wuce ƙa'ida da ɗan yatsa, na datse, ta ce to, garka ta zauna a hannun Rabi.

Kwana goma na ce, kwana goma sha tara na yi. Na tarar maƙwabtana irinsu ya yi tsawon yatsa, nawa ko yafawa ba a gama ba. Dashena ya makara, albasar bana ba ta yi girman da na saba ba, kuma duk wanda ya wuce garkata sai ya tambaye ni ko salon Faransa ne.

A watan Afrilu ina cikin cire albasa waya ta yi ƙara, kiran hoto. Yaya ce, a zaune a kan kujerar roba a cikin garka, ga buta ga flas ɗin shayi, da alama nan take wuni. Ta ce in duba. Ta juya wayar, na ga sama, na ga babban yatsanta, na ga takalmin Madam Odil. Na ce Yaya ki ɗaga kaɗan, ta ɗaga na ga rufin ɗakin katako. Sau ɗaya wani abu ja mai duhu ya gifta, kai a sunkuye, kafin in ce tsaya ya wuce.

Na ce, "Nawa suka fito?"

Ta ce, "Uku."

"Sauran biyun fa?"

"Naka ne ba su fito ba."

Na ce ta yaya ta san nawa ne, ai sandunan duk iri ɗaya ne, kuma ni na kafa su. Ta ce ta sani. Na fara yi mata bayanin cewa ramukan duka ni na haƙa, yashin ni na zuba, ta ce shayinta yana hucewa, in gaida mutanen gida, ta kashe wayar.